Abin da Na'urar Auna Girgiza Ta Koya Mini a Karatun Digiri na Biyu

Lokacin da na fara karatun digiri na biyu a fannin sarrafa injinan masana'antu da kwamfuta a Jamus, babu abin da ya ɗauki hankalina kamar manhajojin da ke hasashen lalacewar inji tun kafin ya lalace. A ƙasar ne aka fito da sunan juyin masana'antu na huɗu, a baje kolin birnin Hanoba na shekarar 2011, saboda haka mu ɗalibai muna jin cewa muna tsakiyar abin da duniya ke magana a kai, har muna yi wa darussan wayoyin lantarki da na'urorin awo kallon aikin masu difloma.

Aikin bincikena shi ne rubuta manhajar da za ta duba girgizar injin lantarki, ta gane cewa boris ɗinsa ya fara cinyewa. A ɗakin gwaji na jami'a ta yi aiki yadda nake so. Da aka kai ni wata masana'anta don in gwada ta a kan injin gaske, sai ta riƙa yin gargaɗin ƙarya kusan kullum, ni kuma na shafe makonni ina gyara lissafi, domin na gama yanke hukuncin cewa matsalar tana cikin lissafin. Wani dattijon makaniki da ya daɗe yana kula da injin ne ya warware mini ita. Ya ɗora hannunsa a inda na manna na'urar awon da maganaɗisu, ya nuna mini cewa murfin fanka ne, siririn ƙarfe mai kaɗawa da kansa, alhali wurin da ya dace shi ne jikin gidan boris, inda girgizar take isowa ba tare da gauraye ba. Muka mayar da ita can muka ɗaure, gargaɗin ƙarya ya tsaya. Har yau ina ganin kuskure ne babba a yaye injiniya a wannan fanni bai yi watanni yana bin irin waɗannan mutane a bakin inji ba.

Daga nan na koma na sake karanta darussan da na raina. A cikinsu na fahimci dalilin da ya sa na'urorin awo da yawa suke aika saƙo da ƙarfin lantarki daga miliamfiya 4 zuwa 20, maimakon su fara daga sifili. An mayar da 4 ta zama mafi ƙarancin awo ne da gangan, domin idan waya ta tsinke, ƙarfin ya faɗi zuwa sifili, kwamfutar da ke sarrafa injin za ta san cewa matsala ce ta faru, ba za ta ɗauka tanki ne ya ƙare ko zafi ya sauka ba. Waɗanda suka tsara haka sun fara da tambayar yadda awo zai iya yin ƙarya, tambayar da ban taɓa yi wa manhajata ba.

Wannan tunani ya girmi kwamfuta. Injin saƙar da Sakichi Toyoda ya kammala a Japan a 1924 yana tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi, abin da ya ba ma'aikaci ɗaya damar kula da injina masu yawa. Kamfanin Toyota ya gaji wannan ƙa'ida, har ya ba ma'aikacin layin haɗa motoci ikon jan igiya don a tsayar da aiki idan ya ga kuskure.

A ƙarshe na sake fasalin kundin bincikena. Babin da ya fi tsawo a cikinsa ya zama na yadda manhajar za ta gane cewa na'urar awon ta saki, ko wayarta ta tsinke, ta sanar da makaniki hakan kafin ta ce komai game da boris.