Abin da noman shuwaka ya koya mini game da magani

Masu sayen shuwaka a lambunmu iri biyu ne, kuma abin da suke nema ya saɓa. Masu abincin sayarwa da matan gida suna son ganye mai faɗi da laushi, wanda wanki biyu ko uku zai kashe masa ɗaci. 'Yan mai ganye da ungozomomi da masu haɗa maganin suga kuwa sai su tsinki ganye ɗaya su tauna, in fuskarsu ba ta yamutse ba su ajiye damin su yi gaba. Shukar ɗaya ce, a ƙasa ɗaya. Abin da ya raba ganyen shi ne uwar da aka yanko reshen daga jikinta, ruwan da aka ba ta, takin da aka zuba mata da lokacin da aka yanke ta. Tun da na gama makarantar koyon aikin gona na kama aikin wannan lambu da ke gefen Kano, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne manomi yana da hannu dumu-dumu a cikin ƙarfin magani, tun kafin ganyen ya isa wurin mai haɗa shi.

Shuwaka ba ta da wuyar dashe. Ana yanko reshe mai ƙwari, wanda ya fara yin itace, tsawonsa kamar kamu ɗaya, mai gaɓa huɗu ko biyar, a zage ganyen, a soke shi a karkace cikin ƙasa mai danshi. Kafin mako biyu za a ga ido ya tsago. Tana da iri, ƙanana masu gashi-gashi da iska ke kwasa, amma ba mu cika damuwa da su ba, don suna da nawa, kuma ba ka san halin abin da zai fito ba. Reshe kuwa halin uwarsa yake ɗaukowa kaf. Uwa mai tsananin ɗaci 'ya'yanta masu ɗaci ne, mai sauƙin ɗaci ma haka. Shi ya sa muka raba kunyoyi: na miya a gabas kusa da rijiya, na magani a can yamma. Babban abokin gabarta a nan Arewa gara ce, musamman ga sabon dashe in ƙasa ta bushe. Toka da danshi suna rage ta. Akwai darɓa da ke nannaɗe toho, ita ma toka da jiƙon ganyen darbejiya sukan yi maganinta in an tare ta da wuri.

Ruwa ne ke juya ta. A Kudu da Kamaru, inda miyarta ta zama abincin yau da kullum, damina tana da tsawo, shuwaka tana tsaye a bayan gida ba mai kula ta. Mu nan rani ya fi damina, sai fadama ko ban ruwa. In ka ƙosar da ita ruwa, ka ƙara mata takin yuriya, za ta yi ganye shar, fala-fala, mai ruwa a jiki, ɗacin ya sassauta. In ka bar ta da ƙishi, ganyen ya ƙanƙance, ya yi toka-toka, ya yi kauri, ɗacinsa ya kai har maƙogwaro ya zauna. Yanka ma da nasa: sare kan reshe da wuƙa yana sa ta yi rassa da sabon toho, zage ganye ɗai-ɗai kuwa yana gajiyar da ita. In aka ƙyale ta ba yanka, takan kai mita biyu zuwa biyar, ta yi farin fure da hunturu, ƙudan zuma su yi dandazo a kanta. Mukan bar guda biyu-uku haka a bakin shinge saboda wani maƙwabcinmu mai amya.

Ɗacin nan ba abu ɗaya ba ne. Masana sun san shukar da sunan Vernonia amygdalina, 'yar dangin furen rana ce, kuma tun 1969 wasu masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Morris Kupchan, suka fitar da wani sinadari daga jikinta da suka kira vernodalin, mai kashe ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji. Daga baya aka gano wasu da ake kira vernonioside. Labarin da ya fi burge ni game da su daga dajin Mahale ya fito, a bakin tafkin Tanganyika da ke Tanzaniya. A 1987 wani masanin birai daga Jami'ar Kyoto ta Japan, Michael Huffman, tare da abokin aikinsa Mohamedi Seifu Kalunde, wanda ya tashi a gidan masu maganin gargajiya, suka bi wata biranya daga cikin manyan biran nan cimfanzi, ba ta da lafiya, ba ta ci, sai kwanciya. Suka ga ta karyo reshen shuwaka, ta zubar da ganyen, ta ɓare bawon, ta tauna ɓargon ciki, ta tsotse ruwan ta tofar da tuƙar. Washegari ta miƙe ta ci gaba da kiwo. Da aka bincika sai aka tarar vernodalin, wanda ya fi guba, ya fi yawa a ganye da bawo, ɓargon kuwa yana da sinadaran da ke taɓa tsutsar ciki ba tare da wannan guba mai yawa ba. Wato ko a jikin reshe ɗaya, abin da ke ganye daban, abin da ke ciki daban. Tsofaffin 'yan mai ganye da nake hulɗa da su ba su taɓa jin labarin Mahale ba, amma ba wadda za ta ba ka saiwar shuwaka a awon da take ba da ganye, kuma ba sa ba ƙaramin yaro ita sam.

To a nan ne maganar awo ta shigo, kuma a nan nake da ja da yadda ake tallar shuwaka a rediyo da wayoyi. Za ka ji an ce a sha kofi ɗaya safe da yamma. Kofi ɗaya na wane ganye? Na tsakiyar damina da ya sha ruwa ya ƙoshi, ko na watan Maris da ƙishi ya gasa? Ganye nawa aka murza, a ruwa nawa? Ƙwayar asibiti in an rubuta miligiram 500, na Kano da na Zinder duk ɗaya ne. Kofin shuwaka kuwa ni da na noma ta na san na yau ba na watan jiya ba ne.

Akwai wani dattijo mai ciwon suga da ke zuwa da kansa ya sayi ta yamma, mai ɗacin. Wata rana da azahar ya zauna a gindin mangwaro ya kasa tashi, hannunsa na rawa, gumi ya jiƙa masa hula, maganarsa tana harɗewa. Yaron da ke mana ban ruwa ne ya ruga ya sayo lemon kwalba, ya sha, bayan ɗan lokaci ya dawo hayyacinsa. Ashe da safe ya haɗiyi ƙwayoyin sugansa na asibiti, metformin da glibenclamide, ya bi su da kofi cike da ɗanyen ruwan shuwaka, kuma bai karya ba.

Na ce, "Baba Alhaji, likitanka ya san kana shan wannan?"

Ya ce, "Haba ɗana, ganye ne fa. Abin da ake miya da shi zan je ina gaya wa likita?"

Na ce, "Ai na miya an wanke shi an zubar da ruwan, Baba. Kai ruwan kake sha."

Gwaje-gwajen da aka yi a kan beraye sun nuna shuwaka tana saukar da sukarin jini, kuma glibenclamide shi kaɗai ma yakan faɗar da suga in mutum bai ci abinci ba. Ba zan rantse cewa shuwakar ce ta kayar da shi ba, amma wanda ya haɗa biyun da yunwa yana wasa da wuta. Suga in ya sauka ƙasa da 70 a na'urar awo an shiga hatsari. Tun daga nan duk mai suga da ya zo saye sai na tambaye shi abin da yake sha na asibiti, in ce ya faɗa wa likitansa. Wasu su ji, wasu su ce na cika iyayi.

Zazzaɓin cizon sauro ma haka. Mutanenmu suna shan jiƙonta, suna sirace da ita haɗe da ganyen darbejiya da na mangwaro, kuma jiki yakan yi sauƙi, wannan ba ƙarya ba ne. An gwada ta a kan marasa lafiya a Yuganda, aka wallafa sakamakon a 2009: wajen kashi biyu cikin uku sun ji sauƙi a mako biyu, amma a cikinsu wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai ƙwayar cutar ta ɓace daga jininsu, kuma akasarin waɗannan ma ta dawo musu. Ni a ganina wannan sakamako ya fi a ce ba ta yin komai ban tsoro. Zafin jiki ya sauka, uwa ta saki jiki, cutar tana nan tana cin jinin yaro. Ɗan ƙasa da shekara biyar da mai ciki, gwajin jini da maganin asibiti ne nasu, ba jiƙo ba.

Mai ciki ma tana da wata matsalar daban. Miyar shuwaka abincin mai jego ce a gidajenmu, ana cewa tana wanke ciki tana kawo nono, ana bin ta da kunun kanwa. Amma wata tsohuwar ungozoma da ke saye a wurinmu ba ta yarda mai juna biyu ta sha ɗanyen ruwanta ba, ta ce yana motsa mara. Binciken da aka yi a kan dabbobi ya goyi bayanta, don an ga yana sa mahaifa ta riƙa matsewa.

Darasin da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne na wankin nan da na faɗa wa Alhaji. Mai miya tana murza ganye da gishiri ko ta tafasa shi, ta zubar da ruwa, ta sake, har kumfar ta ƙare. Duk ƙura da dattin da ke bayan ganyen da wani kaso na maganin feshi sun tafi kwata. Mai magani kuwa wannan ruwan farko mai kumfa shi ne abin da yake nema. Shi zai tace ya sha ɗanye, ko wuta bai gani ba. Saboda haka duk abin da manomi ya zuba wa shuka, kai tsaye cikin marar lafiya yake tafiya, mutumin da hantarsa ko ƙodarsa wataƙila ta riga ta gaji.

Duk wanda ya san Kano ya san ana noman ganye da ruwan Jakara da na Getsi, waɗanda ke kwaso ƙazantar gari da ta masana'antun Bompai, ya kuma san ruwan majemun zamani na Challawa da Sharaɗa yana ɗauke da sinadarin kiromiyom. Masu binciken jami'o'inmu sun sha auna ƙasa da ganyen irin waɗannan wurare suna samun ƙarafa masu guba. Abin takaici, ganyen wannan ruwa ya fi kowanne kyan gani, don ruwan cike yake da taki. Ƙarfen da saiwa ta zuƙa ya shiga jikin ganye kuwa ko wankin miya ba ya fitar da shi, balle a ce an sha ruwansa ɗanye. Ga kuma feshi. Na sha ganin an fesa wa ganye piya-piya da yamma, an yanke shi da asuba an kai kasuwa, alhali a jikin kowace kwalbar maganin ƙwari na gona an rubuta kwanakin da za a jira kafin girbi. A kunyoyinmu na yamma ba ma feshi ko kaɗan. Ƙwari suna cin rabonsu, ganyen yana fitowa da huji-huji, 'yan mai ganye da suka gane ba sa damuwa.

Shanya ita ce mataki na ƙarshe da ke hannun manomi. A inuwa muke yi, a kan tabarma da aka ɗaga daga ƙasa, inda iska ke ratsawa, a baza shi sirara a riƙa juyawa. Rana mai zafi tana ƙona launinsa, shanyar bakin titi kuma tana haɗa shi da hayaƙin mota da kashin awaki. In aka ɗure shi a leda bai gama bushewa ba, fumfuna ta kama shi, warin ya canza, sai zubarwa. Garinsa ba na so a saya a hannun wanda ba a sani ba, don da zarar an daka ganye ba mai iya rantsewa a kan abin da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da tattara tsirran magani tun 2003, kuma kusan duk abin da ke ciki irin waɗannan ne: tsabtar ruwa, tantance shuka, lokacin girbi, shanya, da rubuta inda kaya ya fito. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da ake gani a kwalaben maganin gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, shaida ce cewa an duba ba ya cutarwa, ba shaidar yana warkar da jerin cututtukan da aka rubuta ba. Hukumar ma takan sa a rubuta a jikin kwalbar cewa ba ta tantance iƙirarin ba, sai dai da ƙananan baƙaƙe ake bugawa.

Noma mai tsabta yana da tsada. Ruwan rijiya sai da inji, inji sai da fetur, kuma ganyen da ba a fesa ba yana da asara. In na kai dami kasuwar 'Yankaba, kuɗinsa ɗaya da na wanda ya sha ruwan kwata, wani lokaci ma nasa ya riga nawa ƙarewa saboda sheƙi. Shi ya sa na magani ba ma kai shi kasuwa. 'Yan mai ganye da ungozomomin da suka san lambun su ke zuwa har gona, su ga rijiyar da idonsu, su biya ɗan ƙari. Ba su da yawa, kuma a shekarar da fetur ya yi tsada dole muka rage kunyoyin yamma muka mayar da wurin na alayyafo.