Kuɗin da na karɓa bayan na sani

An ɗauke ni aiki ne saboda ni mace ce. Gidan da aka rubuta "ba shiga" a soronsa, ni ina shiga har tsakar gida, in zauna a kan tabarma a miƙo mini ruwa. A 2017 ne, a wani ƙaramin banki na unguwa irin waɗanda ake cewa maikurofainans, a nan cikin birnin Kano. Ba zan kama sunansa ba. Ya riga ya mutu, kuma a cikin waɗanda muka yi aiki tare akwai mutanen kirki da ba su ci nanin ba, nanin ta ci su.

Aikina tarin kuɗi. Jaka, biro da ɗaurin kati mai gida 31, kowane gida rana guda. Da hantsi nake farawa daga wajen Ƙofar Wambai, in ratsa lunguna in ɓullo Jakara, wani lokaci har gindin Dala, in dawo ofis kafin la'asar in miƙa wa kashiya. Masu zubi a hannuna mata ne: mai ƙosai, mai awara, mai murza taliya, masu ɗinkin hula, masu sarin atamfa daga Kantin Kwari suna bayarwa bashi a gidajen biki. Wata 200 take zubawa kullum, wata 500, wata 2,000. Da yawansu tun ranar farko suke gindaya mini sharaɗi cewa ba sa son ko sisin kuɗin ruwa, ajiya kawai suke so, don asusun ƙasa yara na fasawa, kuɗin ƙarƙashin katifa kuma maigida na ranta ba ya biya. Galibinsu ba su taɓa taka ƙofar bankin ba. Idan ana hira sai ka ji mace ta ce, "Kuɗina suna wajen yarinyar nan." Ni ce bankin a wurinsu, kuma a lokacin daɗin hakan nake ji, ban auna nauyinsa ba.

Irin wannan banki yana da tarihi a ƙasar nan. Jikan bankunan al'umma ne da aka fara a 1990, waɗanda tsarin Babban Bankin Najeriya na 2005 ya ce su rikiɗe su zama maikurofainans. A wancan lokaci da jarin naira miliyan 20 ake buɗe mai ofishi ɗaya, don haka 'yan kasuwa biyar ko shida da wani tsohon ma'aikacin banki sun isa su haɗa hannu su kafa. Haka namu ya samu. Kuma ba mu rasa abin da zai zame mana izina ba, domin a Satumbar 2010, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, an soke lasisin irinmu 224 a tashi ɗaya, daga baya aka yi wa wasu sassauci, 103 suka tafi har abada. Manyanmu sun san wannan labari sarai. Mu ƙanana ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ba mu shi.

Ƙarshen 2021 na fara jin wari. Kashiya ya ce duk mai son cire sama da dubu 50 sai ya ba da sanarwar kwana biyu. Aka ce kullen korona ne ya taɓa kasuwa, masu bashi ba su farfaɗo ba, na yarda. Albashi ya fara kaiwa goma ga wata, sannan sha biyar. Sai ma'aikacin sashen bashi ya ajiye aiki ba sallama, aka ce in riƙa taimakawa wajen jera fayil da yamma tunda rubutuna yana da kyau. A wannan ɗaki mai ƙurar takarda na ga cikin bankin.

Fayil ɗin ƙananan masu bashi sun cika kabad biyu. Matan da aka ba dubu 30 ko 50 a ƙungiya, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta, kusan dukkansu suna biya, don ana bin su har gida, kuma ba wadda ke son a yi mata sallama a kan bashi a gaban kishiya. Amma kuɗin bankin ba a nan suke ba. Suna cikin wasu 'yan fayil da ba su cika aljihun tebur ɗaya ba: na daraktoci, na surukansu, na yaran shagonsu, na wani babban mutum da aka ce ba a iya ce masa a'a. Jinginar wani hoton takardar fili ce, ba ainihinta ba. Wani ma ba komai sai sa hannu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne duk bashin a takarda lafiyarsa ƙalau, ba wanda ya wuce wa'adi. Sai da na jera takardun bisa kwanan wata na gane dabarar. Duk lokacin da wa'adi ya cika, sai a cike sabon fom, a tara uwar kuɗi da ruwan da ba a biya ba a mai da su sabon bashi. Ruwan nan da ko kwabo bai shigo ba sai a rubuta shi a matsayin ribar shekara. Littafi na nuna banki na ƙiba, akwatin kashiya na nuna ƙashi.

Da can na ɗauka sai da ɓarawo banki ke faɗuwa. Namu kunya ce ta fara cinye shi. Manajanmu mutum ne mai sallah a sahun farko, ban taɓa ganin ya sa kwabon wani a aljihunsa ba. Amma wanda ya sa hannu a takardar ɗaukarsa aiki shi ne ke bugo waya ya ce a ba wane miliyan uku kaya sun tsaya a Legas, sati biyu zai dawo da su. Mutumin da tare kuke ɗaurin aure, tare kuke jana'iza, ɗanka na karatu a makarantar ƙaninsa, da wane baki za ka ce ya kawo takardar gidansa? Alkunyar da muke taƙama da ita a Kano, wadda ke riƙe zumunci, idan ta shiga tsakanin mutum da dukiyar da aka ba shi amana sai ta koma zalunci, kuma wanda ake zalunta ba ya wurin balle ya yi magana. Tana can tsakar gida tana juya ƙosai.

Na sami manaja na gaya masa abin da na gani. Na ce, "Yallaɓai, kuɗin matan nan fa?" Ya daɗe yana kallon tebur, sannan ya ce, "Malama, ki rufa mana asiri. Idan magana ta fita, gobe kowa zai zo neman nasa, kuma babu bankin da ke iya biyan kowa rana ɗaya, ko wane ne. Muna neman masu zuba jari, Allah zai kawo mafita."

Maganarsa akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ta kama ni. Kowane banki ajiyar mutane yake bayarwa bashi, abin da ke akwati kaɗan ne, kuma rububi na iya kayar da lafiyayyen banki. Amma akwai bambanci tsakanin bankin da kuɗinsa ke hannun masu biya, lokaci kawai yake buƙata, da wanda kuɗinsa sun riga sun narke. Na farko shiru na iya cetonsa. Na biyu shiru ƙara masa waɗanda za su yi asara kawai yake yi, domin zubin yau da shi ake sallamar mai cirewa na jiya. Na ga fayil da idona, na san wanne ne namu. Maganar masu zuba jari ma na san inda ta kwana. Tun 2019 Babban Banki ya ɗaga jarin irinmu na cikin birni zuwa miliyan 200, na karkara miliyan 50, wa'adi ya ƙare a Afrilun 2022, mu kuwa ko tsohon jarin ba ya nan. Duk da haka washegari na rataya jakata na fita. Ina da ƙanne a makaranta, ina bin albashin wata biyu, kuma alawus ɗina a kan yawan abin da na tara ake lissafa shi. Na gaya wa kaina ni 'yar aike ce. Fiye da shekara na yi ina gaya wa kaina haka.

Mafi muni ya zo da canjin kuɗi. Da aka sanar a Oktoban 2022 cewa za a sauya takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar ƙarshe kafin a ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sai matan da ba su taɓa yarda da banki ba suka fito da abin da suka ɓoye. Kuɗi a ƙulle cikin leda, a gwangwanin madara, wasu har sun yi warin ƙasa. Suna neman inda za su kai kafin su zama takarda, ga ni a ƙofar ɗaki. Ban taɓa tara kuɗi irin na watan nan ba. Da ƙarancin takardun kuɗi ya game gari, ya zame mana mayafi: duk wadda ta nemi nata sai in ce ai kin ga yadda gari yake, ko manyan bankuna layi ake kwana. Ba ƙarya na faɗa ba, amma na san ba shi ne dalili ba.

A watan Mayun 2023 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan bankuna 179, namu na ciki. Daga nan al'amari ya koma hannun hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, wadda aka kafa a 1988 don irin wannan rana. Jami'anta suka karɓi makullai da littattafai da kwamfutoci, suka fitar da sunayen masu ajiya, aka sa ranar tantancewa. A waɗannan makonni na koyi abin da ya kamata in sani tun ranar da na fara karɓar naira 200 ta mutane. Inshora a lokacin dubu 200 ce ga kowane mai ajiya a irin bankinmu, komai yawan abin da ya tara. Idan banki na bin ka bashi, sai an cire shi tukuna. Abin da ya haura dubu 200 sai an sayar da kadarorin banki, an karɓo basussuka, sannan a riƙa rabawa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da aka samu. Sai masu ajiya sun gama karɓa ake waiwayar sauran masu bin banki bashi, masu hannun jari su ne ƙarshen layi. Kadarorinmu kuwa janareta ne, da babura, da kujeru, da waɗancan fayil na aljihun tebur.

Yawancin matana ajiyarsu ba ta kai dubu 200 ba, don haka a ƙa'ida kuɗinsu cikakku za su dawo. A nan ne wani sakacin nawa ya fito, wanda ban taɓa ɗauka laifi ba. Tantancewa na buƙatar shaidar ajiya, da katin shaida, da lambar BVN, da asusu a wani banki da za a tura kuɗin. Ni kuwa shekara da shekaru abin da ake kiran mace da shi a gida nake rubutawa a kati: Amarya, Uwargida, Maman wane. Dattijuwa ba ta faɗin sunan mijinta, wata sunanta na yanka sunan surukarta ne ba a kama shi a gidan, ni ma kunya ta hana ni matsawa. Sai ga suna a littafin banki daban, a katin ɗan ƙasa daban. Wata uku na yi ina bin gidaje, ba mai biyana, ina haɗa mata da takardar mai unguwa da rantsuwar kotu, ina raka su buɗe asusu. Da farko na ji haushin wannan tsanani. Daga baya na gane cewa a ranar da ba sani ba sabo, takarda ce kaɗai dangin talaka, kuma ni ce na hana su ita da sunan ladabi.

Wadda ba na mantawa ita ce uwar adashi ta wani lungu, dattijuwa da nake kira Iya. Adashin mata 24 take riƙewa, kuma ni na ba ta shawara ta daina ajiye kwasar a ɗaki ta riƙa ba ni. Duk da sunanta ɗaya aka zuba. A idon doka mai ajiya ɗaya ce, dubu 200 ce tata, alhali abin da ke ciki ya haura dubu 700. Da kowace mace da nata asusun, da ba wadda ta rasa sisi. A 2024 an ɗaga inshorar ƙananan bankuna zuwa miliyan 2, ta manya zuwa miliyan 5, har masu ajiya a Heritage Bank da aka rufe a watan Yunin shekarar suka ci moriyar sabon adadin. Na yi murna da jin haka, amma ya zo bayan namu ya riga ya faɗi.

Yanzu lissafi nake riƙe wa wani ɗan kasuwa a kasuwar Singa. Ranar da na fara na gaya masa cewa duk kayan da suka fita bashi zan rubuta su bashi da kwanan wata, ko ƙaninsa ne ya ɗauka, kuma wanda ya wuce wa'adi da jan biro zan ja masa layi. Ya yi dariya ya ce ai duk gida ne. Na ce, "Alhaji, na taɓa aiki a inda duk gida ne." Bai ƙara magana ba, kuma har yau jan biron na kan teburina.

Iya ta sayar da awakinta da injin markaɗenta ta cika wa mata kuɗinsu, ba ta bari ko ɗaya ta yi asara ba. Sai da na yi wata biyar ina zagaye lungunta kafin na iya shiga. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata komai, har da ranar da na ga fayil, har da watannin da na ci gaba da karɓa. Ban rage ba. Ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce, "'Yar nan, kuɗi ai sun tafi, Allah ya mayar da alheri. Amma da kin raɗa mini ko a kunne ne, da ban karɓi na marayun gidan can na ba ki ba." Ta sa jikarta ta kawo mini ruwa. Na sha, na ajiye mata dubu 10 a gefen tabarma, na ce zan riƙa kawowa duk wata har inda ƙarfina ya kai. Ta ce in ɗauko littafi in rubuta, da cikakken sunanta na yanka, ta faɗa mini shi a karon farko.