Ƙidayar murjani da soso a zurfin teku

Aikina a jirgin bincike zama ne gaban allo ina ƙidayar murjani da soso, halittu masu rai da ke manne a ƙasan teku. Na'urar nutso ake zurawa da doguwar waya zuwa zurfin da mutum ba ya kaiwa, ɗauke da kyamara da fitilu, matuƙinta yana gefena yana tafiyar da ita sannu a hankali bisa layin da aka shata tun kafin mu bar gaɓa. Tana haska ɗigo biyu na jan haske a ƙasa, tsakaninsu santimita 10. Da su muke gane girman duk abin da ya bayyana.

Murjanin ruwan sanyi, wanda masana ke kira Lophelia pertusa, ba ruwansa da rana. A cikin duhu yake, yana cafke ƙananan halittun da igiyar ruwa ke kawo masa. Mai rai fari ne tas, wani lokaci ja-ja, mataccen kuma ya dushe ya koma ruwan ƙasa. Abin da na daɗe kafin idona ya saba da shi shi ne bambanta mutuwa da mutuwa. Akwai tsofaffin rassa da suka mutu a tsaye, masu rai na tofo a kansu, kifi da jatan lande da tauraron teku sun cika ramukansu. Wannan lafiya ce. Akwai kuma tarkace a baje, an niƙe shi, ga dogon rami a gefe kamar an bi da garma. Nan tarun masunta mai jan ƙasa ya ratsa. Idan ka haɗa su a layi ɗaya ka rubuta "matacce", ka ɓoye ɓarnar da aka turo ka dubawa.

Shi murjanin nan a shekara ba ya ƙaruwa sai 'yan milimita, in ya yi ƙoƙari santimita biyu da wani abu. Tuddan Darwin da ke arewa maso yammacin Sikotilan, a zurfin kusan mita 1,000, an gano su a 1998, aka hana jan taru a kansu a 2003. Da masu bincike suka koma a 2011, inda aka ragargaza bai farfaɗo ba sai kaɗan ƙwarai, inda taru bai taɓa ba kuwa yana nan da ransa. Wannan labari ya sa na daina sa ran ganin sauyi daga zuwa ɗaya zuwa na gaba. Abin da muke tabbatarwa shi ne ba a ƙara ɓarna ba.

Soso ya fi ba ni wuya. Da yawansu hoto ba ya isa a sa musu suna, sai an ɗebo ɗan yanki an duba ƙayoyin jikinsa a madubin ƙara girma. Don haka muka tara kundin hotuna, muka yarda kowa ya rubuta su da siffa, mai kama da kofi, mai reshe, mai shimfiɗe, don kada ƙidayata ta saɓa da ta wanda zai karɓe ni da dare.

Wata rana farfelar na'urar ta matso ƙasa, laka ta tashi ta rufe allo, muka zauna jiran ta kwanta. Soso da tace ruwa yake ci, kuma an nuna cewa soson gilashi, wanda ƙayoyin jikinsa kamar gilashi suke, yakan tsayar da zuƙar ruwa idan laka ta yi yawa. To ina ga taru mai faɗi da ya wuce dab da iyakar wurin da aka killace? Ko bai taɓa su ba, ƙurarsa ta isa. Shi ya sa da Kanada ta killace tuddan soson gilashi na mashigin Hecate a 2017, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin 9,000, ta ƙara musu wani yanki na kariya a kewaye da tuddan.

Abin da na fi riƙewa yanzu shi ne a koma layi ɗaya, a tsayi ɗaya daga ƙasa, da gudu ɗaya, da haske iri ɗaya. Ko allo ya nuna yashi zalla na tsawon sa'a, a rubuta yashi, domin wanda zai zo bayan shekara goma da wannan rubutun zai gane ko wani ɗan reshe ya tsiro a wurin.