Kafin Sayen Motar Lantarki Ta Gwanjo a Katsina

Duk wanda ya nemi shawarata kan motar lantarki ta hannu, nakan ce ya fara duba batir, domin shi ne mafi tsada a jikinta. Tsofaffin Nissan Leaf ba su da ruwan sanyaya batir, ga kuma zafin Katsina da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, wanda ke saurin cinye ƙarfinsa. A gwanjon Amurka kuwa, akan sayar da motocin da ambaliya ta shafa, kuma batirin da ruwan gishiri ya shiga yana iya kamawa da wuta daga baya. Shi ya sa na fi amincewa da dillalin da zai bari makanike ya jona na'ura ya karanta lafiyar batirin a gabana.