Shekara Biyu da Waƙa Goma: Darasi Daga Tarihin G.L.O.S.S.

Mai nazarin tarihin kiɗa yakan auna ƙungiya da yawan shekarunta da yawan faya-fayen da ta sayar, kuma wannan ma'auni yana aiki idan ana maganar mawaƙan da manyan kamfanoni suka ɗauki nauyinsu. Binciken da na yi a kan G.L.O.S.S. a lokacin karatuna shi ya nuna mini inda ma'aunin yake gazawa. Ƙungiya ce ta mutum biyar masu kiɗan pank, wato kiɗan nan mai tsananin sauri da ƙara wanda ake rera shi kamar da faɗa. An kafa ta a 2014 a garin Olimfiya na jihar Washinton a Amurka, ta kuma watse a 2016. Jagorar waƙarta, Sadie Switchblade, tana cikin waɗanda suka sauya jinsi, kuma baitocinsu suna magana ne da yawun mata, da masu neman jinsinsu, da duk wanda ake tsangwama saboda kamanninsa.

Duk abin da suka bari waƙa goma ne. Biyar sun fito a Janairun 2015 a shafin Bandcamp na sayar da waƙoƙi a intanet, biyar kuma a Yunin 2016, kuma idan aka jera su gaba ɗaya ba su kai minti 20 ba. Da abu kaɗan irin wannan, dole mai bincike ya waiwaya ga garin da ya haife su. Olimfiya ƙaramin gari ne duk da shi ne fadar gwamnatin jihar, amma a nan kamfanin buga faya-fayai na K Records ya fara a 1982, a nan takwaransa Kill Rock Stars ya biyo baya a 1991, kuma garin yana cikin wuraren da yunƙurin matan pank masu rajin kare haƙƙin mata ya tsiro a farkon shekarun 1990. Al'adar wurin ita ce mawaƙa su buga faifansu da kansu, su yi wasa a ɗakunan gidaje da ƙananan zauruka, su yaɗa labarinsu ta 'yan mujallun da ake haɗawa da hannu a kwafa a inji. Wanda bai san wannan ba zai ɗauki matakan da G.L.O.S.S. ta ɗauka daga baya a matsayin taurin kai, alhali kuwa gado ne suka tarar.

Sunansu ya yaɗu fiye da yadda aka saba ga irin wannan ƙungiya. A Oktoban 2015 an wallafa kalaman cin fuska a kansu a shafin Twitter na wata ƙungiyar kiɗa mai suna Whirr, nan take kamfanin buga faya-fayai na Run for Cover ya yanke hulɗa da Whirr, jaridun kiɗa kuma suka yi ta kai kawo da labarin. Faifan G.L.O.S.S. na biyu ya fito daidai lokacin da aka kashe mutum 49 a wani gidan rawa na masu neman jinsinsu a birnin Orlando na Amurka, saboda haka mutane da yawa suka saurare shi da zuciyar makoki da fushi.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne watannin ƙarshe. Kamfanin Epitaph, wanda yake cikin mafiya girma a harkar pank, ya yi musu tayin dala 50,000, suka ƙi, inda suka kafa hujja da alaƙar da ke tsakanin rarraba faya-fayensa da katafaren kamfanin Warner. A ganina hujjar tana da rauni ta wani gefe, domin kusan duk hanyar da waƙa take bi ta isa kunnen jama'a a yau tana ratsa hannun wani babban kamfani. Amma aikin mai tarihi shi ne ya fahimci abin da ƙin ya nufa a wurinsu kafin ya yanke hukunci. Abin mamaki shi ne ƙin karɓar kuɗin ya ƙara musu suna, muhawara ta kaure tsakanin masu yabo da masu ganin neman suna ne, har maganar kuɗin ta rufe maganar waƙoƙin.

A Satumban 2016 suka sanar da rabuwarsu ta mujallar Maximum Rocknroll. Sun bayyana cewa shaharar ta fara taɓa lafiyar jiki da kwanciyar hankalin wasu daga cikinsu, kuma ƙungiyar ta zama abin da ko dai a so shi ƙwarai ko a ƙi shi ƙwarai, wanda ba shi suka nufa ba tun farko. Wannan takarda ita ce mafi muhimmanci a duk abin da na karanta, domin a cikinta suka yi dogon bayani da bakinsu, ba ta bakin 'yan jarida ba. Daga gare ta na koyi karanta ƙarshen ƙungiya a matsayin shawara da mutane suka yanke, wadda take da dalilai kamar yadda kafa ta yake da dalilai. Ga mutanen da fitowarsu fili takan jawo musu zagi da barazana, kowace sabuwar hira da kowane sabon hoto ƙarin nauyi ne, kuma babu alƙaluman ciniki da za su nuna wannan.

Akwai kuma darasi na aiki tsantsa. Tarihin irin waɗannan ƙungiyoyi yana warwatse ne a shafukan sada zumunta da ake iya gogewa, da bidiyon wayar 'yan kallo, da mujallu masu ƙarancin bugu. Ita kanta Maximum Rocknroll ta daina fitowa a takarda a 2019, bayan ta fara a 1982. Tun daga wannan bincike nake adana kwafin duk wata shaida da na samu tare da ranar da na same ta, nake kuma rarrabe abin da mawaƙan suka faɗa da abin da aka faɗa a kansu, domin a labarin G.L.O.S.S. na biyun ya ninka na farkon sau da yawa.