Aikin madafa a Makka lokacin Hajji: jiki yana gargaɗi kafin ya faɗi

Duk wanda ya yi aiki a madafar da ke dafa wa alhazai abinci ya san yadda makonnin nan suke, tun daga saukar jirgin farko har a dawo daga Mina. Tukwane ba sa sauka daga wuta, motocin rabo suna jira a ƙofa, barci sai abin da aka sata. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda muke amsa wa mudir, wato shugaban madafa, da "ba komai" duk sanda ya ce a ƙara awa biyu, alhali tun azahar jiki ya riga ya nuna ya kai maƙura. An san mu 'yan Najeriya da Nijar da kara a wuraren aikin nan, shi ya sa idan aka rasa mutum mu ake fara kira.

Yawancin ma'aikata gajiya suke jira ta sanar da su, ita kuwa a makare take zuwa. Abin da na lura yana rigan ta, a jikina da na abokan aiki, shi ne saurin fushi. Mutumin da bai saba faɗa ba sai ka ji yana ɗaga murya a kan ludayi. Bayan wannan sai cije haƙora ba tare da sani ba, kafaɗu su ɗage sama kamar za su taɓa kunne, numfashi ya koma gajere a ƙirji, kai ya fara sarawa ta goshi. Daga nan kuskure ke farawa: a zuba gishiri sau biyu, a yanke yatsa, a ɗauki tukunya mai zafi ba tsumma.

Ba wanda ke da lokacin zama ya saurari jikinsa a madafa, don haka na haɗa dubawar da alwala, tunda ita dole ce sau biyar. A banɗaki ka dubi fitsari: idan fari ne ko rawaya mai haske, lafiya, idan ya yi duhu kamar shayi, ko ka wuce awa huɗu ba ka ji shi ba, ruwan jikinka ya yi ƙasa. Wajen wanke hannu ka miƙa yatsu ka ga ko suna rawa. Wajen wanke fuska ka saki muƙamuƙi, ka sauke kafaɗu. Kafin ka koma bakin wuta ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, kamar na minti biyu. Sakin numfashi a hankali shi ke rage bugun zuciya. Idan biyu daga cikin alamun nan suka haɗu, ranar ba ranar "ba komai" ba ce.

Ruwa kuma da ƙa'idarsa. Kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20 idan kana gaban wuta, ba gora guda a lokaci ɗaya ba, kuma kada ya wuce kusan lita ɗaya da rabi a awa. Wanda ya yi gumi sosai na tsawon sa'o'i ya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara tambayar likita. Lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari da samari ke sha ɓoye gajiyar kawai yake yi, ya kuma hana barcin awa huɗun da ya rage.

Akwai matakin da ya wuce shan ruwa da hutawa. Idan abokin aiki ya fara magana ba kan gado, ko yana layi, ko ya rasa inda yake, jikinsa kuma ya yi zafi rau, a kira motar asibiti a 997 nan take. Kafin ta iso a fitar da shi daga zafin, a sassauta tufafinsa, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu, mu kuma muna aiki a gaban wuta cikin wannan yanayin.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba mai kwantiragi abin riƙewa: awa 8 a rana ko 48 a mako, awa 6 ga Musulmi a Ramadan, hutun aƙalla rabin awa kafin a cika awa biyar a jere, da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan awar da ta wuce ƙa'ida. Haramcin aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, ya shafi masu lodi da sauke kaya a waje, bai shafi na cikin madafa ba. Wanda ba shi da igama kuwa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, bakinsa kaɗai gare shi.

Kuma bakin yana aiki idan an san lokacinsa. A faɗi iyaka da safe, sanda ake raba aiki, ba da dare ba sanda mudir ya rasa wanda zai maye gurbi. A faɗe ta da agogo, domin "na gaji" kowa ya gaji: "Ya mudir, zan tsaya har ƙarfe goma, bayan nan ba zan iya ba, gobe kuma ina nan da asuba." Ba dogon uzuri, ba ban haƙuri sau uku. Abin mamaki, mudir ya fi samun sauƙin tsara aiki da mutumin da ya san ƙarshen awarsa fiye da mai "ba komai" da zai kwanta rashin lafiya ranar Arfa. Ka riƙa rubuta awanninka a ƙaramin littafi kullum, don lissafin ƙarshen wata.

Iyakar da ta fi wuya ita ce ta gida. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, saboda haka kiran ƙarfe goma na dare daga Kano ko Damagaram tsakar dare ne a nan, kuma yawanci maganar kuɗi ce da za ta hana ka runtsawa. Ka ware musu Juma'a bayan la'asar, ka sanar da su tun kafin aiki ya kankama, ka ba mutum ɗaya lambar abokin ɗakinka don larura, sauran dararen kuma ka kashe ƙarar wayar.