Kamfanoni da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa: Wane Irin Haɗin Gwiwa Ne Ke Aiki?

Na saba karanta rahotannin da manyan kamfanoni ke fitarwa a ƙarshen shekara, kuma tun bayan 2015 da wuya in buɗe ɗaya ban tarar da shafin da aka jera tamburan nan masu launi-launi na Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa ba. Kamfanin siminti zai ce yana taimaka wa muradi na 4, wato na ilimi, domin ya gyara azuzuwa, banki zai ce yana kan muradi na 13, wato na sauyin yanayi, domin ya dasa itatuwa. Ba na raina wannan, amma duk lokacin da na kai shafin, tambayoyi biyu nake nemar wa amsa: me kamfanin ya sa a cikin aikin wanda shi kaɗai ya iya, kuma wa ke da ikon tuhumarsa idan ya saɓa alƙawari?

A watan Satumba na 2015 ne ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradu 17 masu ɗauke da ƙudurori 169, da niyyar cim musu kafin ƙarshen 2030. Muradi na 17 ya tsaya ne kan haɗin gwiwa, kuma dalilin sa shi a fili yake: baitulmalin gwamnatoci ba zai ɗauki nauyin ba. Hukumar kasuwanci da ci gaba ta Majalisar, UNCTAD, ta ƙiyasta a 2014 cewa ƙasashe masu tasowa na da giɓin dala tiriliyan 2.5 a kowace shekara, zuwa 2023 kuwa ta ce giɓin ya kai kimanin dala tiriliyan 4. Rahoton Majalisar na 2024 ya nuna kashi 17 cikin ɗari ne kawai na ƙudurorin ke tafiya yadda aka tsara. Jari da fasaha da hanyoyin rarraba kaya mafi yawansu suna hannun 'yan kasuwa, saboda haka ba wanda ke musun cewa ana bukatarsu. Abin dubawa shi ne yadda za su shigo.

Misalin da na fi komawa gare shi ya girmi muradun da kusan shekara talatin. A 1987 kamfanin magunguna na Merck da ke Amurka ya sanar da cewa zai ba da maganin Mectizan kyauta, gwargwadon bukata kuma har tsawon lokacin da ake bukatarsa, domin yaƙar cutar makantar kogi, wadda wani baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu ke yaɗawa. Kamfanin yana da magani, amma ba shi da hanyar kai shi ƙauyukan da mota ba ta shiga. Ga kuma wata matsala: maganin na kashe 'ya'yan tsutsar da ke haddasa cutar ne, uwar kuwa tana iya rayuwa a jikin mutum har kusan shekara 15, don haka dole a riƙa sha sau ɗaya ko sau biyu a shekara na tsawon wannan lokaci. Babu kamfanin da zai iya wannan shi kaɗai. Sai Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da ma'aikatun lafiya da ƙungiyoyin agaji suka ɗauki sauran nauyin, daga baya kuma aka miƙa rabon ga mutanen da al'umma da kanta ta zaɓa daga cikinta.

Abin da ke burge ni a nan wata 'yar sanda ce. Mai rabon magani ba ya bukatar sikelin auna nauyi, ba ya bukatar ya zama ma'aikacin jinya. Yana riƙe da sanda mai alamomi, mutum ya tsaya kusa da ita, inda tsayinsa ya kai shi ke nuna ko ƙwaya ɗaya zai sha ko biyu ko uku ko huɗu, yaron da bai kai santimita 90 ba kuwa ba a ba shi. Daga nan sai a rubuta suna a littafi, a dawo baɗi. Ta haka ilimin ɗakin bincike da sanin da mutanen gari suka yi wa junansu suka haɗu wuri guda. Kolombiya ta samu shaidar kawar da cutar a 2013, Ekwado a 2014, Meziko a 2015, Gwatamala a 2016, sai Nijar a farkon 2025, wadda ita ce ta farko a Afirka. Shekara 38 ke nan tsakanin alƙawari da wannan sakamako, abin da ya kamata duk shugaban kamfanin da ke son ganin amfanin shirinsa cikin wata shida ya tsaya ya yi tunani a kai.

Ba kowane kamfani ke da maganin da zai bayar ba, amma kowane kamfani yana da sana'ar da ya ƙware a kanta. A 2010 aka fara wani shiri a Tanzaniya inda Coca-Cola ta haɗa kai da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, tare da Gidauniyar Gates, kuma abin da ta kawo shi ne dabarun tsara hanyoyin motocin raba kaya da lissafin abin da ke ajiye a rumbu, aka koya wa hukumar da ke raba magungunan gwamnati. M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta wayar salula, ma ta irin wannan hanya ta fito. Hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya ta sa kimanin fam miliyan ɗaya, kamfanin sadarwa na Vodafone ya sa kwatankwacinsa, aka gwada tsarin domin biyan ƙananan basussuka ta wayar salula, sai aka lura jama'a na amfani da shi wajen tura wa juna kuɗi. Kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar da shi a Kenya a 2007, bayan babban bankin ƙasar ya ba da damar a ci gaba. Kuɗin gwamnati ya ɗauke haɗarin gwaji, kamfani ya mayar da abin kasuwanci, miliyoyin mutanen da ba su taɓa shiga banki ba suka samu hanyar ajiya da aike.

Wannan ya kawo ni ga batun riba, wanda mutane da yawa ke jin nauyin ambata. A ganina haɗin gwiwar da kamfani ke cin halaliyarsa a ciki ya fi ɗorewa, domin kyauta takan tsaya ranar da ciniki ya ja baya ko aka sauya shugaba. Ƙawancen riga-kafi na Gavi, wanda aka kafa a 2000, ya fahimci haka. A 2009 Italiya da Birtaniya da Kanada da Rasha da Norwe da Gidauniyar Gates suka ware dala biliyan 1.5 a matsayin tabbacin kasuwa ga masu haɗa allurar riga-kafin nimoniya. Kamfanonin da suka shiga sun ɗaure kansu da samar da allurar tsawon shekara goma a farashin da bai wuce dala 3.50 ba kan kowace allura. Mai masana'anta ya san za a sayi kayansa, don haka ya faɗaɗa aiki, ƙasashe matalauta kuma suka samu allurar ba tare da jiran shekarun da suka saba jira ba.

Tambayata ta biyu, ta wanda zai tuhumi kamfani, ita ce ta fi damuna, kuma labarai biyu ne suka sa na riƙe ta da ƙarfi. A 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu kan yarjejeniyar da ake kira da sunan 'yan majalisar Amurka biyu, Harkin da Engel, suka yi alƙawarin kawar da mafi munin nau'o'in aikin ƙarfi da ake sa yara a gonakin koko zuwa 2005. Yarjejeniyar ta ganin dama ce, ba ta da hukunci. Wa'adin ya wuce, aka ɗaga zuwa 2008, aka sake ɗagawa zuwa 2010, sannan aka koma cewa za a rage da kashi 70 cikin ɗari zuwa 2020. A shekarar 2020 ɗin wani bincike na cibiyar NORC ta Jami'ar Cikago ya ƙiyasta cewa yara miliyan 1.56 na aikin ƙarfi a yankunan koko na Kwaddibuwa da Gana. An kashe kuɗi, an gina makarantu, ba zan musa ba, amma alƙawarin da ba wanda zai iya kama ka a kansa ɗaga shi ba wuya.

Labari na biyu ya faro ne da bala'i. Ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga tsagewa a bangon ginin Rana Plaza mai hawa takwas kusa da Dakka a Bangaladesh. Banki da shagunan da ke ƙasan ginin suka rufe, amma aka umarci masu ɗinki a masana'antun tufafi da ke sama su dawo aiki washegari. Da safiyar 24 ga wata ginin ya rufta, mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka jikkata. Cikin 'yan makonni aka ƙulla yarjejeniyar kare gine-gine da rigakafin gobara tsakanin kamfanonin tufafi, waɗanda daga baya suka haura 200, da ƙungiyoyin ƙwadago na duniya, IndustriALL da UNI, tare da na cikin ƙasar, hukumar ƙwadago ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ILO, kuma ta shugabanci zaman a matsayin ɗan ba-ruwanmu. Wannan karon an sa haƙora a takardar. Injiniyoyi masu zaman kansu ne ke duba masana'antu, ana wallafa rahoton kowace masana'anta kowa ya gani, kamfani na da wajibcin daina ciniki da duk wadda ta ƙi gyara, kuma ƙungiyoyin ƙwadago na iya kai kamfanin da ya saɓa gaban masu yanke hukunci. An duba masana'antu fiye da 1,600, aka cire makullai daga ƙofofin tsira, aka sauya wayoyin lantarki, aka ƙarfafa ginshiƙai. A 2021 aka mayar da ita yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, a 2023 kuma ta fara aiki a Pakistan.

Akwai abin da nake ganin ya riga duk wannan, wato gyaran cikin gida. Ƙa'idoji goma na shirin Global Compact, wanda babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan, ya gabatar wa 'yan kasuwa a birnin Dabos a 1999 aka ƙaddamar a 2000, sun tsaya ne kan haƙƙin ɗan Adam da haƙƙin ma'aikata da muhalli da yaƙi da cin hanci. Kamfanin da ke kauce wa haraji, ko yake zuba dagwalon masana'anta a kogi, sannan ya haƙa rijiyoyi goma da sunan muradi na 6, wato na ruwa mai tsafta, abin da ya ɗebe ya fi abin da ya zuba, kuma ƙungiyar da ta ara masa sunanta ta taya shi rufa-rufa.

Ƙananan kamfanoni kan ɗauka wannan zance na manya ne, alhali su ne suka fi ɗaukar mutane aiki a duniya. Masana'antu biyar da ke maƙwabtaka za su iya haɗa kuɗi su gina wurin tace ruwan da suke fitarwa, wanda ba ɗayansu da zai iya ginawa shi kaɗai. Kamfanin da ke kukan rashin ƙwararru zai iya zama da kwalejin koyon sana'a su tsara manhaja tare, ya karɓi ɗalibai horo, ya rubuta adadin da zai ɗauka aiki a kowace shekara. Mai sayen amfanin gona zai iya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar manoma kafin shuka, a bayyana farashi da ranar biya, kwafin takardar kuma ya kasance a hannun manoman da a hannun bankin da zai ba su rance a kanta.